Ji Kake Tim! Nazarin Kalmomin Kwaikwayon Sauti daga Tinyere zuwa Garwa

Idan Bahaushe ya ce buhun masara ya faɗo daga kan mota tim, ko yaro ya faɗa rafi tsundum, ko an ji takun takalmi ƙwas-ƙwas a bayan ɗaki, ya taɓo wani rukunin kalmomi da masana nahawu suka daɗe suna neman inda za su ajiye shi. Manazarta Hausa suna kiran babban rukunin amsa-kama, domin kalmar tana amsa kamannin abin da ake magana a kai: launinsa, ko motsinsa, ko girmansa, ko ƙararsa. Wannan nazari ya tsaya ne a kan reshen ƙara, wato kalmomin da ke kwaikwayon kukan dabba, saukar ruwa, tsawa, karyewar itace da makamantansu. Mutane da yawa, har da masu ilimin zamani, suna ɗaukar irin waɗannan kalmomi a matsayin ƙawa ko wasan yara, abin da ake ajiyewa gefe idan za a yi maganar hankali. Ni ina ganin wannan kuskure ne babba. Suna da ƙa'ida mai tsauri, suna ɗauke da ma'anar da wata kalma ba ta ɗauka, kuma a kansu ake gane zurfin harshe a bakin mai shi.

Wurin da ya fi dacewa a auna wannan magana shi ne inda kunnuwa masu harsuna daban-daban ke sauraren abu guda. Tinyere, wanda ake rubutawa Tignère a taswira, irin wannan gari ne. Shi ne hedikwatar gundumar Faro da Dewo a yankin Adamawa na Kamaru, yana kan tudu, ƙasar shanu da damina mai tsawo. Fulatanci ne harshen fada da kasuwa, Faransanci na makaranta da ofis. A wajen Galim akwai Nizaa, waɗanda aka fi sani da Nyem-Nyem, a wajen Mayo-Baleyo kuma akwai Pere. Hausa ta shigo ƙasar ne da ƙafar fatake da malamai da masu sana'a da suka bi bayan tutar Modibbo Adama a ƙarni na 19, suka zauna a Garwa da Konca da Banyo da Tibati da Ngaundere, suna fataucin goro da hauren giwa, suna fawa da dillanci da wanzanci da kiɗa. Har gobe wasu sarautu a fadojin lamiɓe na yankin da sunan Hausa ake kiran su, kamar Sarkin Fawa da Sarkin Shanu. To hadari ɗaya ne yake tasowa a kan waɗannan mutane duka, amma kowa da yadda bakinsa ke maimaita abin da kunnensa ya ji.

Mu fara da tsawar da ke gunji daga nesa. Bahaushe ya ce rugugi, Bafulatani ya ce riggaango, Balarabe ya ce ra'ad, Bafaranshe ya ce grondement. Duk huɗun akwai "r", uku daga ciki kuma suna da "g" mai fitowa daga can cikin baki. Wannan ba gado ba ne, domin Hausa da Fulatanci ba dangi ba ne: Hausa 'yar gidan harsunan Cadi ce, Fulatanci kuwa danginsa suna can wajen Sanagal. Sautin ne da kansa ya ja su zuwa wuri ɗaya. Haka carar zakara: yaron da ya tashi yana jin kukuruku a gida, idan ya shiga aji a Tinyere za a koya masa cocorico. Gaɓa huɗu ce nan da can, "k" ce ke jan ragama nan da can, wasula ne kawai suka saɓa.

Amma kada a yi saurin cewa ai kunne ɗaya ne, saboda haka kalma ɗaya ce. Bafulatani idan zai ƙarfafa baƙin abu sai ya ce ɓaleejum kurum, inda Bahaushe zai ce baƙi ƙirin ko baƙi wuluk. Kurum ɗin nan kuwa a Hausa shiru ne, ko kuma "kawai". Ga gaɓoɓi biyu iri ɗaya, a kasuwa ɗaya, ɗaya yana nufin duhu ɗaya yana nufin rashin magana. Sannan kowane harshe yana zuba hankalinsa inda rayuwar masu shi take. Fulatanci ya ware wa kukan saniya aikatau nasa, huuna, har da sunan kukan, huunaango. Hausa kuwa, wadda ta ba doki haniniya, ta ba kare haushi, ta ba zaki gurnani da ruri, ta ba zakara cara, da ta zo kan saniya sai ta ce tana kuka, kamar yadda akuya da tsuntsu da jariri ke kuka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji Hausawa, kuma a nan karin maganar ta faɗa daidai kan harsunan da kansu.

Wannan gardama tsohuwa ce. Ibn Jinni, malamin lugga da ya rasu a Bagadaza a 1002, ya kawo a littafinsa Al-Khasa'is ra'ayin masu cewa asalin harsuna daga kwaikwayon sautukan da ake ji ne, irin na iska da tsawa da gudun ruwa, kuma bai yi watsi da ra'ayin ba. Ya ma nuna yadda Larabci ya bambanta tauna abu mai laushi, khadm, da tauna busasshe, ƙadm, baƙi mai taushi ga ɗanye, mai tauri ga busasshe. Ferdinand de Saussure kuwa, a darussansa da ɗalibansa suka buga a 1916, ya tsaya a kan cewa babu wata alaƙa ta dole tsakanin sautin kalma da ma'anarta, ya ce kalmomin kwaikwayo 'yan kaɗan ne kuma su ma al'ada ta riga ta sarrafa su. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Saussure ya yi daidai da ya ce al'ada ce ke yanke hukunci, shaida ita ce kurum. Inda ya gaza shi ne batun ƙaranci, don da Hausa ko harshen Gbaya na wajen Meiganga ya sa a gaba da bai ce 'yan kaɗan ba ne.

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi a Hausa shi ne waɗannan kalmomi suna karya dokar da sauran kalmomi ke bi. Kalmar Hausa ta asali galibi da wasali take ƙarewa, shi ya sa idan aka aro baƙuwa ake ɗaura mata wasali a ƙeya, aka samu littafi da bokiti da kwalabati. Amsa-kama ba ruwanta da wannan: tim, ƙas, wuf, tsit, fat, ɗis, zuruf. Baƙin ƙarshen nan kuwa ba a banza yake ba. Waɗanda ke ƙarewa da "m" sun fi zuwa da ƙara mai nauyi da ke barin amo a baya: tim, dam, rugum, ƙwaram, tsundum. Masu ƙarewa da "s" sun fi zuwa da bushewa da karyewa: kara ya karye ƙas, goro yana ƙaras-ƙaras a baki, ƙuli-ƙuli ya soyu ƙurmus, ashana ta yi ƙyas. Masu "l" da "ɓ" na jiƙa ne da taɓo, kamar caɓal-caɓal da cakwal-cakwal. Baƙaƙe masu ƙugiya, ƙ da ɓ da ɗ, tare da ts, su ne suka mamaye sautuka masu kaifi da gajarta.

Wasali da karin sauti su kuma girma suke aunawa. A jefa tsakuwa a rijiya, za a ce ta faɗa tsulum, murya a sama. A ce ƙato ne ya yi tsalle cikin Binuwai a Garwa, sai a ce tinjim ko tsundum, murya ta yi ƙasa, baki ya cika. Ba wanda ya zaunar da yaro ya koya masa wannan, amma idan ka ce masa allura ta faɗi tim zai yi dariya, don ya san kalmar ta fi ƙarfin allura. Edward Sapir ya gwada makamancin haka a Amurka a 1929, ya ba mutane kalmomi biyu na ƙirƙira, mil da mal, ya ce su zaɓi wadda ta dace da babban tebur, mafi yawa suka zaɓi mal. Abin da ya nema da gwaji, yana nan a fili cikin hirar yau da kullum ta Hausawa.

A dubi ruwan sama guda ɗaya a kan rufin kwano, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, a ga yawan kalmomin da yake ci. Tun hadari na gabas ake jin cida, wato gunjin nesa da ke gaya wa mai shanya ta fara kwashe kaya. Ya matso, ya zama rugugi. Iska ta taso fuu, ƙyauren da ba a saka wa sakata ba ya bugu garam. Sai yayyafi yaf-yaf, sannan ruwa ya kece shaa, indararo ya shiga kwarara. Can sai walƙiya ta yi wal, kafin ka ƙifta ido kwarankwatsa ta biyo baya. A tsaya a kan wannan kalma: gaɓa huɗu, ta fara da mirginawa, kwaran, ta ƙare da tsagewa, kwatsa, daidai yadda tsawar kusa ke yi. Hausa ta ari aradu daga Larabci, amma ba ta saki kwarankwatsa ba, har rantsuwa ake yi da ita. Bayan an ɗauke, sauran ruwa na sauka daga bakin kwano ɗis, ɗis, ɗis, masu komawa gida suna tafiya caɓal-caɓal, wanda ruwan ya ritsa da shi a hanya ya iso a jiƙe sharkaf. Wanda ya ce "an yi ruwa mai yawa" ya ba da labari. Wanda ya bi waɗancan kalmomi kuwa ya faɗi nisan hadarin, da ƙarfin iskar, da irin rufin ɗakin, da halin da hanya take ciki, duk ba tare da ya ambaci ko ɗaya da sunansa ba.

Nan ne amfaninsu na gaskiya yake, kuma tsarin jimla ya tabbatar da shi. Hausa tana da wata hanya ta musamman ta shigo da su: "ji kake tim!", "sai ji kake tau!" Mai ba da labari bai ce "na ji" ba, cewa ya yi "ji kake", ya ɗauko mai sauraro ya tsayar da shi a wurin da abin ya faru, ya mai da shi shaida. Shi ya sa ba su cika shiga jimlar korewa ko ta tambaya ba. Ba kasafai za ka ji an ce "bai faɗi tim ba" sai idan ana ƙaryata wanda ya ce ya faɗi tim, domin abin da bai auku ba ba shi da ƙarar da za a kwaikwaya. Paul Newman ya tattauna irin wannan ƙaidi na jimla a maƙalarsa ta 1968 a kan harsunan Hausa da Tera. Akwai kuma 'yan tsirarun da suka juya wa dokar baya, suka zama a korewa suka fi zama: babu ruwa ko ɗis, bai rage ko ƙyas ba. An ɗauki ƙarar da ta fi kowace ƙanƙanta, ɗigon ruwa da ƙyastawar ashana, aka ce ko ita babu.

Daga nan sai kalmar ta fara haihuwa. Tsundum ya haifi tsunduma, ƙwas ya haifi ƙwanƙwasa, ƙyas ya haifi ƙyasta da ƙyastu, wato ƙarfen da ake haɗawa da ƙanƙara a kunna wuta kafin zuwan ashana, ƙyal-ƙyal ya haifi ƙyalƙyala dariya. Akwai ɗafa-ƙeyar -niya da ke mai da ƙara ko motsi suna: kwaram ya zama kwaramniya, rugum ya zama rugumniya, mutsu-mutsu ya zama mutsuniya. Abin sha'awa, Fulatanci ma yana da tasa hanyar tara sunayen sautuka wuri ɗaya, ƙarshen -aango da muka gani a riggaango da huunaango, haka hijaango, haniniyar doki. Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba, kowanne ya ga ƙara ta cancanci a gina mata ɗakinta a cikin nahawu.

Da zarar kalma ta zauna, ma'anarta takan bar kunne ta tafi wani wuri, kuma wannan tafiya ita ce ta fi jan hankalina a duk batun. Mutumin da ya tsunduma cikin bashi bai taɓa ruwa ba, amma kalmar ta gaya mana ya shiga gaba ɗaya, har kansa ya nutse. Tinjim ƙarar faɗawa ruwa ce, sai ga shi ana cewa kasuwa ta cika tinjim. Tas ƙarar mari ce ko fashewar abu, amma ana wanke kwano tas, a cinye tuwo tas, riga ta yi fari tas: abin da ya rage daga ƙarar shi ne yankewa lokaci ɗaya ba saura. Kwatsam ya tashi daga ƙarar abin da ya rikito ya koma nufin ba zato ba tsammani. Sannan ga sautukan da babu kunnen da ya taɓa jin su, irin "gabana ya faɗi ras" da "gabansa ya yi dam", waɗanda marubutan littattafan Kano suke amfani da su ƙwarai. Ƙarshen abin shi ne tsit, inda aka ba shiru kansa ƙara: "wuri ya yi tsit". Kalmar gajera ce, ta rufe da baƙin da ke datse numfashi, sai bakin mai faɗa ya aikata abin da yake bayani.

Sunayen abubuwa ma suna ɗauke da wannan alama. Agwagwa da hankaka kukansu na cikin sunansu, haka gwangwani da ƙararrawa da tangaran. Dogon ƙahon ƙarfe na sarauta da Hausawa ke kira kakaki, a arewacin Kamaru ana ce masa gagashi, kuma kunnen Bahaushe ba ya rasa jin "ga shi, ga shi" a cikin busar idan sarki ya fito. Sai dai a nan akwai tarko. Da yawa za su rantse babur daga ƙarar injinsa ya samo suna, alhali masu bin asalin kalmomi sun danganta shi da babur na Larabci, wanda shi ma ya samo asali daga kalmar Turawa mai nufin tururi. Bindiga ma ana jin "dim" a cikinta, amma bunduƙiyya ce ta Larabci. Dacewar sauti da ma'ana ba ta isa hujjar asali ba, sai an bi tarihin kalmar.

Masana sun daɗe da lura da wannan rukuni. Sigismund Koelle, wanda ya rubuta nahawun Barbarci a Saliyo ya buga a 1854, ya ware wasu bayanau da ba sa tafiya sai da kalma ɗaya tak. Clement Doke ne ya ba rukunin ma'anar da aka fi yawan ambato a 1935, daga nazarin harsunan Bantu. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da su, kuma M. K. M. Galadanci ya yi maƙala a kansu a mujallar Harsunan Nijeriya a 1971. A yankin Adamawa na Kamaru kuwa, aikin da ya fi fice shi ne na Philip Noss a kan harshen Gbaya na wajen Meiganga. Noss ya nuna cewa a tatsuniya da waƙar Gbaya amsa-kama ce ke ɗauke da nauyin labari, ya kuma yi jayayya da masu fassara da ke zubar da ita don kawai babu ita a nassin da suke fassarawa. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Mai fassara labarai daga Faransanci ko Ingilishi zuwa Hausa, a gidan rediyo a Garwa ne ko a Kaduna, ba zai tarar da ƙurmus a takardar da ke gabansa ba, saboda haka sai ya ce gidan ya ƙone gaba ɗaya. Ba ƙarya ya yi ba, amma mai sauraro bai ga toka ba. Idan aka shekara talatin ana jin irin wannan Hausa a matsayin ta masu ilimi, yara za su ɗauka ɗayar ta ƙauye ce.

Hatsarin ba zato ba ne. Tucker Childs ya bincika Zulu a Afirka ta Kudu, ya wallafa a 1996 cewa matasan birni sun rage amfani da amsa-kama ƙwarai idan aka kwatanta da mutanen karkara. William Samarin ya lura cewa Sango, harshen kasuwa na Afirka ta Tsakiya, ba shi da yawan amsa-kamar da harsunan gida irin su Gbeya suke da shi. Dalilin a bayyane yake. Wanda ya koyi harshe don ciniki yana buƙatar suna da aikatau da ƙidaya. Bambancin tsulum da tsundum kuwa ba a kasuwa ake koyon sa ba, sai a tsakar gida, a bakin turmi, a dandalin tatsuniya da ake rufewa da ƙurunƙus. Hausa a Tinyere da Garwa tana zaune ne tsakanin Fulatanci mai ƙarfi a titi da Faransanci mai ƙarfi a aji, don haka wannan reshe na harshen ya dogara kacokan a kan iyaye mata da kakanni da masu sana'ar gado. Haɗuwar harsunan kuma tana iya zama riba, domin amsa-kama ba ta da ɗaurin nahawu mai yawa, tana tsallaka iyaka cikin sauƙi fiye da aikatau, mai harshe biyu yana iya ɗora ta Fulatanci a ƙarshen jimlar Hausa ba tare da jimlar ta karye ba.

Rubutu ma yana da nasa laifin. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, alhali a waɗannan kalmomi su ne rabin ma'ana. Shaa da aka ja ta daƙiƙa uku ba ɗaya take da wadda aka yanke ba, kuma yawanci ana ɗaga murya sama da sauran jimla idan an iso kanta, hannu da fuska suna taya baki. Matasa a WhatsApp da Facebook sun nemo wa kansu mafita, suna ninka haruffa, suna rubuta tsaki da mtsww. Tsakin nan ya nuna iyakar batun da kyau: sautin da ake yi da leɓe da haƙori ba ya cikin baƙaƙen Hausa, ɗanyen sauti ne, amma sunansa, tsaki, cikakkiyar kalma ce mai bin doka, har ana cewa ya ja tsaki, ya buga tsaki. Tsakanin ɗanyen sauti da kalma mai doka nan ne amsa-kama take zaune.

Saboda haka duk ɗalibin Jami'ar Ngaundere ko ta Garwa da zai ɗauki wannan aiki a Faro da Dewo, takardar tambayoyi ba za ta wadatar da shi ba. Idan ka tambayi mutum ya lissafo maka kalmomin ƙara zai kawo biyar ya tsaya, amma ka bar shi ya ba da labarin ranar da bijimi ya ƙwace a kasuwar shanu, za su yi ta zubowa bai ma sani ba. Aikin na na'urar ɗaukar murya da hoto ne, a rumfar mahauta, da wurin lugude, da zauren da tsofaffi ke hira bayan isha'i. A ɗauki labari ɗaya daga kaka da 'yarta da jikarta, a Hausa sannan a Fulatanci, a ƙirga amsa-kamar da kowacce ta kawo, a ware waɗanda Bargery ya rubuta a 1934 da waɗanda aka aro daga maƙwabta, a kuma sa wa kowace kalma alamar karinta da tsawon wasalinta kafin a shigar da ita ƙamus.